Dean Dixon, jagoran makaɗan da Amurka ta hana wa kujera

Charles Dean Dixon (1915–1976) jagoran makaɗa ne ɗan Amurka wanda ya yi mafi yawan aikinsa a ƙetare. Shi ne baƙar fata na farko da ya jagoranci babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Niyok, New York Philharmonic, a shekarar 1941, yana da shekara 26. Duk da yabon da ya sha a lokacin, babu wata babbar ƙungiya a ƙasarsa da ta ba shi shugabanci na dindindin. A 1949 ya kwashe kayansa ya tafi Turai, kuma sai da aka yi shekara 21 kafin ya sake tsayawa gaban makaɗan Niyok. A tsakanin nan ya shugabanci ƙungiyoyi a Suwidin da Jamus da Ostireliya.

Aikin da ake magana a kai

A Nijar in aka ce orkes, abin da ke zuwa a zuci shi ne ƴan gita da mai ganga da mawaƙi a wurin biki. Ƙungiyar da Dixon ke jagoranta wata aba ce daban. Mutum 80 zuwa 100 ne ke zaune a dandamali, kowa da takardar kiɗa a gabansa. Fiye da rabinsu masu goge ne irin na Turawa, ƙanana da manya. Bayansu akwai masu busa kayan itace, dangin sarewa da algaita, sannan masu busa kayan tagulla, dangin kakaki, sai masu ganguna can ƙurya. Kiɗan da suke yi rubutacce ne, wani an rubuta shi tun shekaru 200 da suka wuce, kuma yakan ɗauki minti 40 ko awa guda ba waƙa a ciki.

Wanda ke tsaye a gabansu, wanda Faransawa ke kira chef d'orchestre, ba ya kaɗa komai kuma ba ya rera komai. A nan ya bambanta da sarkin makaɗa na ƙasar Hausa, wanda shi ke jan waƙa ƴan amshi na karɓa. Jagora yana juya wa jama'a baya, yana riƙe da ƴar siririyar sanda a hannun dama don nuna saurin kiɗa da inda kowane bugu zai faɗi. Da hannun hagu da ido yake gaya wa wane ya shigo, wane ya sassauta. Mai kallo na iya ɗauka wasa ne da hannu kawai. Ainihin aikin kuwa an gama shi tun a wurin gwaji, inda jagora ke tsayar da makaɗa, ya gyara, ya sa a maimaita, har mutum 100 su yi numfashi ɗaya.

Shi ya sa a wannan sana'a akwai bambanci babba tsakanin baƙon jagora da babban jagora. Baƙo yakan zo ya yi gwaji sau 3 ko 4, ya yi wasa, a biya shi, ya wuce wani gari. Babban jagora shi ne mai gida. Yana da ta cewa kan kiɗan da za a yi a shekara da makaɗan da za a ɗauka, kuma cikin shekaru yake gina amon ƙungiyar yadda yake so. Mai goge yana iya koyo shi kaɗai a ɗakinsa, amma jagora ba shi da abin kaɗawa sai mutane. Duk tarihin Dixon ya rataya ne a kan wannan bambanci.

Daga Harlem

An haife shi ranar 10 ga Janairu 1915 a Harlem, unguwar baƙar fata ta birnin Niyok. Iyayensa ƴan ci-rani ne daga tsibiran Karibiyan. Tun yana ƙarami mahaifiyarsa ta sa shi koyon goge. Ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Juilliard, inda ya koyi jagoranci a hannun Albert Stoessel, sannan ya ƙara karatu a jami'ar Columbia.

Da ya ga babu wanda zai ba shi makaɗa, sai ya tara nasa. A farkon shekarun 1930, bai kai shekara 20 ba, ya kafa wata ƙungiya a Harlem da mutane ƙalilan, baƙaƙe da farare a haɗe, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A nan ya koyi aikin da hannunsa.

Amurkar wannan zamani kuwa ta wariyar launin fata ce. A 1939 aka hana shahararriyar mawaƙiya Marian Anderson wani babban zaure a Washinton saboda baƙa ce, har sai da ta yi waƙarta a fili gaban mutum wajen 75,000. Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa, wadda ta tsaya wa Anderson, ita ce kuma ta mara wa Dixon baya, ta halarci wasansa a 1941. Ƙofofi suka fara buɗewa. A wannan shekara ya jagoranci makaɗan gidan radiyon NBC, ƙungiyar da aka kafa musamman domin Arturo Toscanini, ɗan Italiyan da ake ɗauka babu kamarsa a lokacin. A watan Agusta ya jagoranci New York Philharmonic a filin Lewisohn. Daga baya manyan ƙungiyoyin Philadelphia da Boston su ma suka gayyace shi. A 1948 aka ba shi lambar yabo ta Ditson, wadda jami'ar Columbia ke bai wa jagoran da ya yi wa kiɗan Amurka hidima.

Sai dai duk waɗannan gayyata ce ta baƙo. Manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka ba gwamnati ke riƙe da su ba. Attajirai ne ke zuba kuɗi, su ne kuma ke zaune a kwamitin da ke naɗa jagora. Wa'adin dare ɗaya ba ya damunsu, har ma yakan ja hankalin jaridu. Amma a ɗora baƙar fata bisa makaɗa farare 100, ya riƙa ba su umarni kullum, wannan babu kwamitin da ya yarda da shi. Ga shi kuma a lokacin ko farar fata ɗan Amurka da ƙyar yake samun irin wannan kujera, don an fi son ƴan Turai.

Shekarun ƙetare

A 1949 ya amsa gayyatar makaɗan gidan radiyon Faransa a Paris, kuma bai koma gida ba. Ya yi aiki da ƙungiyar makaɗan Isra'ila a 1950 da 1951, ya riƙa yawo daga wannan gari zuwa wancan a matsayin baƙo. Rayuwar baƙon jagora rayuwa ce ta jirgin ƙasa da ɗakin otel: mako guda nan, mako guda can, kowane wuri sababbin fuskoki da sabon harshe. Abin da ke sauƙaƙa ta shi ne kalmomin umarni na cikin takardar kiɗa galibi da Italiyanci suke, kuma makaɗin kowace ƙasa ya san su. Sauran kuwa sai hannu. Makaɗa mutane ne masu saurin yanke hukunci, cikin mintoci kaɗan na gwajin farko sukan gane ko baƙon ya san aikinsa.

A waɗannan shekaru ya ɗauki faya-fayai da yawa a Viyana, inda ɗaukar faifai ya fi araha bayan yaƙin duniya na biyu. Abin lura shi ne da dama daga cikinsu kiɗan marubutan Amurka ne, irin su Walter Piston da Henry Cowell. Mutumin da ƙasarsa ta rasa inda za ta ajiye shi, shi ne ke tallata kiɗanta a Turai.

Kujerar farko ta zo a 1953 daga Göteborg, birni na biyu mafi girma a Suwidin, inda ya zama babban jagora har zuwa 1960. Shekara 7 da ƙungiya ɗaya, abin da bai taɓa samu ba a gida. Daga nan ya koma Jamus ta Yamma a 1961, ya karɓi makaɗan gidan radiyon jihar Hessen a Frankfurt, ya riƙe su har 1974. Wannan shi ne zamansa mafi tsawo, shekara 13. Ƙungiyoyin radiyo na Jamus da kuɗin jama'a suke tafiya, ba da sadakar attajirai ba, kuma aikinsu ya haɗa da ɗaukar kiɗa domin watsawa, har da sababbin rubuce-rubucen da ba kowa ke son sayen tikitinsu ba. Irin aikin da ke buƙatar mai haƙuri da saurin karanta takarda ne. Akwai abin mamaki a ciki: shekara 16 kacal bayan faɗuwar mulkin Nazi, wanda ya gina komai a kan wariyar jinsi, wani birnin Jamus ya ba baƙar fata abin da Niyok ta hana shi. Wannan ba ya nufin Turai ta tsarkaka daga wariya. Ma'anarsa dai masu naɗa jagora a can ba su ga launin fatarsa a matsayin dalilin da ya isa a ƙi shi ba.

Dixon da kansa yakan kasa rayuwarsa kashi uku bisa yadda jaridu ke kiransa. Da farko baƙar fata ɗan Amurka mai jagorancin makaɗa, daga baya jagora ɗan Amurka, a ƙarshe jagora Dean Dixon kawai.

Tsakanin 1964 da 1967 ya haɗa Frankfurt da shugabancin makaɗan birnin Sydney a Ostireliya, tafiyar sama da kilomita 16,000. Jiragen sama masu gudu da suka shigo a ƙarshen shekarun 1950 ne suka sa irin wannan ya yiwu, ga kuma saɓanin yanayi: lokacin da Turai ke hutun zafi, Ostireliya na cikin sanyi, wasanni na gudana. Ita ma Ostireliya a lokacin ba ta gama soke manufarta ta fifita farare wajen shiga ƙasa ba.

Komawa Niyok

Kafin ya dawo, Amurka ta motsa. An zartar da dokar ƴancin ɗan ƙasa a 1964, sannan a 1968 aka naɗa Henry Lewis shugaban makaɗan jihar New Jersey, baƙar fata na farko da ya samu irin wannan muƙami a wata babbar ƙungiya a ƙasar. A 1970 New York Philharmonic ta sake gayyatar Dixon. Ya jagorance ta a lambun Central Park gaban dubban jama'a, yana da shekara 55. A shekarun da suka biyo baya wasu manyan biranen Amurka sun karɓe shi hannu biyu-biyu. Amma a wannan karon ma baƙo ne, kuma gidansa ya ci gaba da zama a Turai.

Ya sauka daga kujerar Frankfurt a 1974, Eliahu Inbal ya gaje shi. Lafiyarsa ta riga ta fara ja da baya. Ya rasu a watan Nuwamba 1976 a Zug, kusa da Zurich a ƙasar Suwizalan, yana da shekara 61, ba tare da ya taɓa shugabantar wata babbar ƙungiyar makaɗa a Amurka ba. A 2015 wani malamin kiɗa ɗan Amurka, Rufus Jones, ya wallafa littafi kan tarihin rayuwarsa.