Gini Mai Ruwan Hoda a Jackson

A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar. Jihar Mississippi ta yi ta gindaya sharuɗɗa, har asibitocin da ke wannan aiki suka koma ɗaya tak, wani gini mai fentin ruwan hoda a birnin Jackson.

A 2018 jihar ta hana zubar da cikin da ya wuce mako 15. Asibitin ya kai ƙara, magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta soke hukuncin 1973 ranar 24 ga Yunin 2022. Sakamakon haka, a Yuli aka rufe asibitin.

Abin takaici, Mississippi tana sahun gaba wajen mutuwar jarirai a Amurka. Sai a 2023 ta tsawaita inshorar lafiya ta Medicaid ga masu jego daga kwana 60 zuwa shekara guda.