Wasiƙa

wàsīƙā̀ sn., mc.; jam. wàsī̀ƙū, wasīƙōƙī. Daga Lar. wathīƙa.

1. Rubutaccen saƙo da ake aika wa wanda ke nesa, da ajami ko da boko. Mis.: Ya ba direba ~ ya kai Zariya, ~rka ta iso, mun gode. A da, wanda bai iya rubutu ba yakan je wurin mai rubuta ~ a bakin gidan waya, ya faɗa, a rubuta, ya biya.

2. Takardar nasiha ko umarni tsakanin malamai da sarakuna. Mis.: ~r da al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) kan yadda ake mulki. Irin wannan ita ce mafi daraja, domin malamai sun yi ta kwafe ta da hannu har ta kai ga zamaninmu.

3. (ciniki) Saƙon fatake ga abokan hulɗa: farashi, bashi, ranar tashin ayari. Da ita Larabawan Gadamus da Tarabulus mazauna Dandalin Turawa a Kano suka riƙe abokan cinikinsu na hayin Sahara, suna sayen fata da turkuɗi a Kasuwar Kurmi.

4. (zamani) Saƙon intanet, imel. Mis.: Mai littattafai ya karɓi adireshin masu saye, da yardarsu, yana tura musu ~ idan sabon bugu ya fito.

Haɗi: musayar wàsī̀ƙū; buɗaɗɗiyar ~; ~r gayyata.

Dubi: takarda, hatimi, ambulan, kan sarki.