Zakara ko Sagara? Sanin Ɗiyan Kaji a Arewa

Ƴan'uwa na gida da na ci-rani, wannan sani ya daɗe a ƙasarmu. Tun kafin Sarauniyar Lugu ta tari Nasara a 1899, aznanmu ba su kai kaza wurin tsafi sai sun san jinsinta da launinta. Uwayenmu zanko suke dubawa: in ya tashi ya yi ja wajen sati 6, ƙafa ta yi kauri, namiji ne. Cara sai wata 4 ko 5.

Da fari ya kashe bisashe a 1973 da 1984, sagara ta tada gidaje: ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, aka sayi akuya. Saboda haka mu kai zakara kasuwar Dogon Dutsi, mu bar mace gida. Allah shi sa albarka, amin.