Tipula: ƙwaron da ya yi kama da sauro amma ba ya cizo

Tipula ƙwaro ne mai siririn jiki da dogayen ƙafafu shida, wanda kan shigo ɗaki da dare yana bin hasken fitila. Da Faransanci ana kiransa tipule ko cousin. Mutane da yawa na ɗaukarsa babban sauro su kashe shi, alhali ba ya cizo, ba ya shan jini, ba ya kuma yaɗa zazzaɓin cizon sauro.

Masanin Suwidin Carl Linnaeus ne ya raɗa masa wannan suna a 1758. Shi da danginsa na kusa sun haura nau'i 15,000, kuma masanin Amurka Charles Alexander (1889–1981) shi kaɗai ya bayyana fiye da 10,000 daga ciki.

Fukafukansa biyu ne kamar na ƙuda. A bayansu akwai wasu ƙananan gaɓoɓi biyu masu kan kulki da ke daidaita masa tashi. Ƙafafunsa na cirewa da sauƙi, abin da kan ba shi damar kuɓuta daga tsuntsu ko gizo-gizo. Tsinin da ke ƙarshen cikin tamatar ba ƙari ba ne, da shi take saka ƙwai cikin ƙasa mai danshi.

Yawancin rayuwarsa a matsayin tsutsa yake yin ta, cikin laka, bakin rafi ko ruɓaɓɓen itace. Tsutsar ba ta da ƙafa, fatarta kuma na da tauri. Galibi ruɓaɓɓen ganye take ci, ta haka take taimakawa wajen mai da shi taki. Bayan ya yi fukafukai kwanaki kaɗan yake yi, na barbara da saka ƙwai.

Ana samunsa a kusan ko'ina a duniya, amma danshi ne ke iyakance shi. Saboda haka a Afirka ya fi yawa a dazuzzuka da tsaunuka masu ruwa, irin na Kamaru, fiye da busasshen yankin Sahel.

Wasu nau'o'in ne kawai ke ɓarna. Tsutsar Tipula paludosa, ɗan asalin Turai wanda ya bazu zuwa Kanada da Amurka, na cin saiwar ciyawa da ta hatsi. A ɗaya ɓangaren, tsutsotsin dangin abinci ne ga kifi da tsuntsaye, manyan kuma ga jemagu da kwaɗi.