Tarihin Lasisin GPL: Kyauta Mai Sharaɗi

A wannan fitowa na ga ya dace in waiwayi tarihin wata takarda wadda yawancinmu ba mu taɓa karantawa ba, alhali kuwa amfaninta na cikin aljihunmu. Duk mai wayar Android yana ɗauke da manhajar Linux, ita kuwa Linux bisa sharuɗɗan wannan takarda ake rarraba ta. Sunanta lasisin GPL.

Kafin in yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa manhaja kala biyu take zuwa. Akwai asalin rubutun da ɗan Adam ya yi, wanda wani masani zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma wanda aka juya zuwa harshen na'ura, wanda aiki kawai ake yi da shi. A da can, kamfanoni kan ba da manhaja gyara a kan cinikin kwamfuta. A shekarar 1969 kamfanin IBM ya fara sa mata kuɗi daban, a 1976 Bill Gates ya rubuta wasiƙa yana zargin masu kwafar manhajarsa da sata, sannan a 1980 Majalisar Dokokin Amurka ta fito fili ta sa manhaja cikin dokar haƙƙin mallaka. Daga nan sai kowa ya shiga kulle asalin rubutunsa.

Wannan abu bai yi wa Richard Stallman daɗi ba. Yana aiki a jami'ar MIT sai na'urar buga takardu ta Xerox ta riƙa cushewa, ya nemi asalin rubutun manhajarta don ya gyara, aka hana shi. A watan Satumba na 1983 ya ba da sanarwar shirin GNU, wato rubuta manhajoji waɗanda kowa zai iya kwafa da gyarawa, a farkon 1984 kuma ya ajiye aikinsa don kada jami'a ta ce abin da ya rubuta nata ne.

To, amma fa ga inda gizo ke saƙa. In ka ba da abu kyauta ba sharaɗi, me zai hana wani ya ɗauka, ya ƙara masa kwaskwarima, ya kulle? Stallman ya ɗanɗani irin wannan, domin James Gosling ya sayar wa kamfanin UniPress manhajar rubutu da ya yi, wadda Stallman ya ari wani sashe nata, dole ta sa ya cire ya sake rubutawa. Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce ta fi burge ni a cikin wannan tarihi. Bai yafe haƙƙin mallakarsa ba, sai ya riƙe shi ya mai da shi makami. Lasisin GPL, wanda ya fito a 1989 aka sabunta shi a 1991, cewa yake ka kwafa, ka gyara, kai ko sayarwa kake so ka sayar, amma duk wanda ka miƙa wa manhajar sai ka ba shi damar samun asalin rubutun, har da gyaran da ka yi, bisa waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya saɓa, izininsa ya faɗi, ya zama mai keta haƙƙin mallaka.

A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ɗan shekara 21, ya rubuta Linux. Sharaɗin da ya fara gindayawa shi ne kada kowa ya karɓi ko kwabo a kanta, wanda hakan ya ɗaure hannun masu son rarraba ta a faifai su mai da kuɗinsu. A 1992 ya koma GPL. A ganina wannan canji ne ya raya Linux, don kuwa kamfanoni masu gaba da juna sun iya zuba aikinsu wuri ɗaya, kowa na da tabbacin ɗan'uwansa ba zai kwashe ya gudu ba.

Ba kowa ya yarda da wannan hanya ba. Mutanen Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suna da nasu lasisin, BSD, wanda babban sharaɗinsa shi ne a bar sunan marubuta a jiki. Ta haka Apple ya ɗauki sassan BSD ya sa a tsarin kwamfutocinsa. Haka kuma Farfesa Andrew Tanenbaum, wanda ya sa MINIX a irin wannan lasisi, sai a 2017 ya ji a kafofin labarai cewa manhajarsa na aiki a cikin ɗimbin na'urorin Intel. Ya ce bai nemi kuɗi ba, amma da an sanar da shi da ya ji daɗi. Ni dai na fi karkata ga GPL, ko da yake ba na musun cewa sauƙin BSD ya sa manhajojinsa sun shiga inda GPL ba zai shiga ba.

Saura batun ko takardar tana da haƙori. A 2003 aka gano kamfanin Linksys ya sa Linux a na'urarsa ta rarraba intanet bai fitar da rubutun ba. Da matsin lamba ya yi yawa ya fitar, daga nan aka gina manhajar OpenWrt a 2004. A wannan shekara kuma wata kotu a birnin Munik na Jamus ta hana kamfanin Sitecom rarraba kayansa har sai ya cika sharuɗɗan GPL, bayan ƙarar da Harald Welte, ɗaya daga cikin marubutan manhajar, ya shigar.