Yadda Aljana Ta Sauko Daga Dutse Ta Shiga Littafi

Wanda ya taso daga Tsafe ya nufi Gusau, ba zai rasa ganin Dutsen Kwatarkwashi ba, wanda ke cikin ƙasar Bunguɗu. Mutanen dā sun ɗauka dutsen nan mazaunin iskoki ne. A dā, kowace shekara samari sukan hau shi su kamo maiki, a yi biki. Haka kuma kuka da tsamiya da tsohuwar rijiya, duk akan ce gidajen aljanu ne, har akan hana yara kusantarsu da tsakar rana ko da almuru.

Cikin abubuwan da ake faɗi game da aljanu, babu wanda ya fi tsorata iyaye kamar maganar so. Akan ce aljani yakan ga budurwa ya so ta, ya yi ta korar manemanta, shi ne ake kira namijin dare. Aljana ma takan so saurayi ta hana shi zama da mace. Labarin nan ya daɗe yana yawo a baka, tsofaffi mata suna ba jikokinsu da dare, babu wanda ya san mafarinsa.

Sannu a hankali zamani ya juya. A 1929 aka gama hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya, ta bi ta Gusau, ta tsaya Ƙauran Namoda. A can Zariya kuwa, cikin 1933, Rupert East na Hukumar Talifi ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara. Duka biyu akwai aljanu a ciki, amma labaran jarumai ne da matafiya, maza ne kuma suka rubuta su. Da aka tashi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, irin waɗannan littattafai ne manya suka riƙa karantawa bayan sun iya haɗa baƙi da wasali.

Aka yi shekara arba'in da 'yan kai ba a buga littafin hikaya na Hausa wanda mace ta rubuta ba. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, bayan ya zo na biyu a gasar da kamfanin ya sa. An haife ta a Kano cikin 1952, daga baya ta yi zaman shekaru masu yawa a Gusau, har ta nemi tsayawa takarar gwamnan Zamfara a 2003.

Labarin na wata yarinya Bafillatana ne, sunanta Boɗaɗo, wadda ta ƙwallafa rai ga Yasir, mutumin da ba jinsinsu ɗaya ba. Danginta suka ƙi, ita kuwa ta tsaya bisa maganarta. Bayan wannan kuma sai ga aljana ta shiga tsakani, ita ma tana son Yasir. Watau masoyan nan sun yi fama da mutane, sun kuma yi fama da aljan.

A nan ne abin lura yake. A bakin tsofaffi, yarinya ita ce abin tausayi, aljani ya kama ta, a kai ta wurin malam ko boka, ba a tambayarta abin da take so. A littafin nan kuwa yarinya ce mai magana. Ita ta zaɓi miji, ita ta amsa wa danginta, aljana ta zama kishiya wadda za a yi jayayya da ita. Mai karatu zai ga cewa katangar da mutane suka gina saboda asali ba ta fi sharrin aljana sauƙi ba.

Ba a daɗe ba sai littattafan soyayya suka yawaita a kasuwannin Kano, tun daga tsakiyar shekarun 1980, da yawa daga marubutansu mata ne, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Waɗansu malamai da iyaye suka ce suna ɓata tarbiyya, waɗansu suka ce su ne suka sa matan aure da yawa suka dage ga koyon karatu. Gardamar ba ta hana a saye su ba.

Dutsen Kwatarkwashi yana nan inda yake, amma labarin aljana ya sami sabon gida. Dā sai an jira dare, a jira tsohuwa ta ga dama. Yanzu duk wanda ya iya karatu, namiji ko mace, yana iya buɗe littafi ya auna maganar da hankalinsa, in kuma yana da tasa, ya ɗauki alƙalami.