Mai Shayarwa da Maganin da Likita Ya Rubuta

Idan likita ya rubuta wa mai jego magani, shin za ta sha ta ci gaba da ba jariri nono, ko sai ta dakata? Mata da yawa sukan yanke hukunci da kansu. Wata ta ɓoye ƙwayoyin ta haƙura da ciwonta, wata ta janye nonon don an ce mata ya ɓaci. A mafi yawan lokuta duka biyun kuskure ne. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta sanya shekara biyu cikar shayarwa, ita ce kuma ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Saboda haka ba mu ga dalilin fifita lafiyar ɗaya a bar ɗayan ba, alhali ana iya kiyaye duka.

Maganin da uwa ta sha yana shiga jininta, daga nan ɗan kaɗan ke ratsawa cikin nono. Ma'aunin likitoci shi ne, idan abin da ke isa ga jariri bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da uwar ta sha ba, gwargwadon nauyin kowannensu, to yawanci babu damuwa. Farasitamol, ibuprofen da amoxicillin suna cikin wannan sahun. Allurar insulin ta masu ciwon suga ba ta hana shayarwa, haka ma maganin tarin fuka. Ko mai ɗauke da ƙanjamau, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ta shayar aƙalla wata 12, matuƙar tana shan maganinta a kan ƙa'ida. Yaye na gaggawa shi ne abin tsoro, domin jaririn da aka mayar wa madarar gwangwani da ruwan da ba a tafasa ba, gudawa ke jiransa.

Akwai dai waɗanda dole a yi taka-tsantsan da su, kuma na gaba-gaba su ne kodin da tiramol. Hanta tana mayar da kodin ya zama mofin, kuma jikin wasu mutane yana yin haka da sauri fiye da kima, ba tare da sun sani ba. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa a kan su biyun. Mu kuwa a nan ana sayar da tiramol a kan faifai a tasha, ba takarda ba tambaya. Jaririn da ya yi ta barci ba ya farkawa, ya kasa tsotso, jikinsa ya saki ko numfashinsa ya yi nauyi, a garzaya da shi asibiti nan take. Bactrim ma ana guje masa idan jaririn bakwaini ne ko yana da shawara. Ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da estrojin tana iya rage ruwan nono, musamman a makonnin farko. Maganin ciwon daji kuwa, shi ne ke tilasta dakatar da shayarwa.

'Yar'uwa, kafin likita ya ɗora biro a takarda, ki gaya masa kina shayarwa, ki faɗi watannin yaron, ki ambaci duk wani jiƙo ko tsimi da kike sha. Sau da yawa sai kawai ya canja miki wani maganin.

A watan Ramadan, wadda ciwonta ya tilasta mata shan magani da rana ta shiga hukuncin maras lafiya, ramuwa kawai ke kanta. Wadda ta sha ruwa don tsoron halin da jaririnta zai shiga, a mazhabar Malikiyya za ta rama, ta kuma ciyar da mudu guda a madadin kowace rana.